Riɗin da Tururuwa Suka Tara Mana

Ranar Talatar da ta wuce aka yi ruwa a Makka. Wanda bai zauna garin nan ba ba zai gane ba, mu ruwan sama baƙo ne, ba ya zuwa sai an manta da shi. Gab da la'asar hadari ya taso daga wajen Arfa, baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar ledoji a titin Kudai. Direbobin motocin alhazai suka fito suna ɗaga waya sama, yara suka zubo titi ba takalmi. Ni ina ɗakin girkin da nake aiki, muna zuba shinkafar masu umara a robobi. Na ajiye cokali, na ce wa mai wurin ina zuwa, ban jira amsarta ba. Gidanmu yana bayan layin, hawa huɗu ne kafin a kai rufi, a guje na haye su.

Abin da nake yi wa wannan gudun dami uku ne na riɗi, kowanne bai fi kaurin damtsena ba, suna tsaye jingine da juna a kusurwar rufin, kusa da tankin ruwa. Ko ka kai su kasuwa ba mai kallonsu. Amma ni na san abin da na taɓa yi wa wannan riɗin, shi ya sa.

Ina da shekara goma sha uku Umma ta gaji da ni. Haka zan faɗa, don ita ma haka take faɗa. A unguwar Utaibiyya muke lokacin, ɗaki biyu, mu bakwai, ni kuma ba na iya jiran komai. Ba na jiran shayi ya huce, ba na jiran mutum ya gama magana. Hausata ma rabi ce, Umma ta yi mini Hausa in mayar mata da Larabci. Da aka ba da hutun makaranta sai ƙanenta, Kawu Haladu, wanda ya zo umara, ya ce a ba shi ni in je Sudan in ga mahaifiyarsu, Iya. Wata biyu aka ce zan yi. Takardun dawowata suka yi jinkiri, sai da na yi shida.

Sunan garin Sai Baɗi. Na ɗauka tsokanata ake yi, ashe da gaske ne. Mahaifin Iya, Malam Tanko, da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina tare da ayarinsu, Makka suka nufa. Guzuri ya ƙare musu a tsakiyar wani fili mai baƙar ƙasa, suka ce bari su yi noman damina ɗaya su ci gaba. Ƙasar ta ba su fiye da yadda suka zata. Da kaka ta yi aka ce a tashi, wani ya ce matarsa ta yi nauyi, sai baɗi. Baɗi ta zo, wani ya ce rumbunsa a cike yake, wa zai bar wa? Sai baɗi. Wasu sun ƙarasa, shi ya sa aka haife ni a Makka. Yawancinsu suna can an binne su a gabas da gari. Lokacin da na je, tsofaffi ba sa cewa nan ne garinsu, cewa suke yi zango suka yada.

Abin da ya fara damuna filin ne. A Makka duk inda ka juya dutse ne a gabanka. A can kuwa ba abin da ido zai jingina da shi, ƙasa ce shimfiɗe har inda sama ta sauko ta taɓa ta. Idan mutum zai zo gidanmu, tun yana ɗigo nake hango shi, in gaji da jira bai iso ba.

Abu biyu ke riƙe da garin. Dawa ta ciki ce, riɗi na kasuwa. Da ruwa ya sauka, baƙar ƙasar nan ta zama laka mai kama ƙafa, hanya ta rufe, mota ba ta shiga ba ta fita sai kaka. Kanti ɗaya ne a garin, kafin tsakiyar damina ba abin da ya rage a cikinsa sai ashana da mai kantin. Akwai wani raƙumi da aka rufe wa ido yana zagaya ƙaton turmi ana matse man riɗi, shi ma da damina hutu yake yi don ba abin matsa. Komai na garin jiran riɗi yake: aure, kwanon rufi, ɗinkin Sallah, tafiya asibiti. Ka ce wa mutum yaushe, ya ce in an kakkaɓe.

Kowa a garin ya koma shuka jan riɗin da 'yan kasuwa ke kawowa, mai saurin nuna. Iya kaɗai ta rage da fari. Shi ne wanda Malam Tanko ya ɗauko daga gida a cikin gora, ya biyo shi duk tafiyar. 'Yar gona ce da ita a bayan gari, ta irin kawai, kowace shekara ta shuka, ta cika gorar, abin da ya yi saura ta yi kantu ta raba wa jikoki.

"Iya, wannan riɗin naki halinku ɗaya," in ji Kawu. "Kowa ya nuna, shi yana nan yana shawara."

"Kai da ka nuna da wuri me ka tsinana?" Iya ta ce masa, ba ta ko ɗago kai daga tsinkar rama ba.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, sai ya ɗauke kusan mako uku. Tsiron ya fito ya ƙone a tsaye. Zafin can ba irin na Makka ba ne, da za ka gudu ɗaki ka kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Zafi ne mai danshi, ya manne maka a wuya, ga ƙudaje. Da ruwa ya dawo aka sake shuka. Ina tsaye Iya ta juye gorar nan a cikin ƙwaryar yashi, don da yashi ake gauraya riɗi kafin a watsa, ta kifa ta, ta bubbuga gindinta da tafin hannu har ƙwayar ƙarshe ta faɗo.

"Shi ke nan," ta ce. "Yanzu duk abin da Baba ya bari yana hannun ƙasa."

Daga nan sai marka. Kwana da kwanaki ba rana, tufafi ba sa bushewa, itace ba ya kamawa, hayaƙi ya cika ɗakin girki har ido ya yi ja. Rumbu ya yi ƙasa, Kawu sai ya shiga ciki gaba ɗaya kafin ya ɗebo dawa. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, da safe kunu ba sukari, da rana kwaɗon tafasa. Ni da na saba in sauka ƙasa in sayo burodi mai zafi, na ce wa Iya wannan ai ganyen awaki ne. Ta ce to in bar wa awakin. Ban bari ba, har kwanon na suɗe. Daga baya na lura ita loma uku take yi ta ce ta ƙoshi, ta turo mini sauran.

Gayya ce ta ciyar da garin a watan nan. Yau a yi noman gonar wannan, gobe ta wancan, mai gona ya dafa abin da ya samu. Maza a jere da fartanya, mata a baya muna tsince ciyawa, laka har gwiwa. An hana ni fartanya tun ranar farko, don na sare dawa shida kafin a ankara. Aka ba ni ɗaukar ruwa. Matan suna kirana 'yar Makka, suna sa ni in faɗi sunayen abubuwa su yi dariya. A wurin gayyar nan Hausata ta miƙe, don dole in rama.

Sai riɗi ya yi fure, fari da ɗan shuɗi-shuɗi, filin duka ya ɗauki ƙugin zuma. Ruwa ya fara ja da baya. Ƙasa ta bushe ta tsattsage, tsaga mai zurfi da hannuna ke shiga har gwiwar hannu. Ganye ya yi rawaya ya zube. Aka yanke jan riɗi, aka kakkaɓe, motocin farko suka shigo gari, mai kanti ya samu sukari. Na Iya sai da ya ƙara kwanaki.

Ranar da muka yanke shi, ni da ita da Kawu, muka ɗaure ƙananan dammuna, Iya ta jera su a tsaye, kai sama, suna jingine da juna kamar bukka. Ta fara yi mini bayani.

"Kin ga kwanson nan? In ya bushe, ta sama yake buɗe baki. Muddin yana tsaye..."

"Na gane, Iya, na gane."

Ban gane komai ba. Yunwa nake ji, so nake mu tafi gida. Abin da za ta faɗa mini shi ne, kowane kwanso in ya buɗe kamar ɗan kofi yake, riɗin yana zaune a ciki ba murfi. Yana tsaye, lafiya lau, ko yayyafi aka yi zai bushe. Ka karkata shi, ya zube. Shi ya sa ba a motsa shi daga inda yake, sai ranar kakkaɓa a shimfiɗa tabarma a gindinsa, a kifa dami ɗaya-ɗaya a kai. Kowane yaro a Sai Baɗi ya san wannan tun kafin ya iya tsarki. Ba wanda ya yi tunanin akwai mai buƙatar a faɗa masa sau biyu.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, ranar Laraba, Iya da Kawu suka tafi kasuwa, aka bar ni da gida. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. A gidanmu na Makka doka ɗaya ce: ka ga hadari, ka haye rufi ka kwaso duk abin da ke waje, shanya ce, katifa ce, busasshiyar kuɓewa ce. Wanda ya tsaya kallo ya sha faɗan Umma. Na tuna riɗin Iya yana waje. Wallahi har daɗi na ji, na ce yau za su san 'yar Makka tana da amfani.

Na ruga gonar, na rungumo dammunan, na ɗora a ka a kwance kamar itace, na sheƙo gida. Ina gudu ina jin wani sauti a bayana, shuu, shuu, na ɗauka yayyafi ne ya fara, na ƙara sauri. Sawu bakwai na yi. Na zube su a ƙarƙashin rumfa, na zauna ina haki, kaji suka taru a kansu ina korarsu da ƙafa ban ma san me suke tsattsaga ba. Hadarin kuwa iska ta kwashe shi ya yi yamma. Ko ɗigo bai sauka ba.

Kawu ne ya fara shigowa. Ya tsaya, ya kalli rumfa, ya kalle ni.

"Asiya, wa ya aike ki?"

"Ruwa za a yi, Kawu. Na shigo da shi."

Ya dafe kai ya zauna a kan turmi. Iya ta shigo bayansa, ta sauke kayanta a hankali. Ta ɗauki dami ɗaya, ta kifa shi a kan faifai, ta buga. Ƙwaya biyar ko shida suka faɗo. Ta ɗauki na biyu. Bayan na huɗu ta daina. Ta fita ƙofar gida, na bi ta. Sai a lokacin na gani: tun daga ƙofa har gona, farin riɗi ne warwatse a kan baƙar ƙasa, siriri kamar an yayyafa gishiri, rabinsa ya riga ya gangara cikin tsaga.

Na koma da gudu na ɗauko tsintsiya.

"Ajiye," Iya ta ce. "Kin yi na yau."

"In share in tara miki, Iya."

"Ki share ki tura sauran cikin rami? Ajiye, na ce."

"To me za mu yi?"

"Jira za mu yi. Akwai masu tsincewa, sun fi ki hannu."

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta sa Kawu ya saro ƙaya ya tare hanyar ta gefe biyu saboda dabbobi, aka kulle kaji. Washegari da sassafe ta kai ni bakin hanyar, ta ba ni tsinke-tsinken kara, ta ce in zauna.

"In yi me?"

"Ki kalli ƙasa. Duk ramin da kika ga sun shiga, ki kafa kara."

Tururuwa take nufi. Da farko ban ga komai ba sai 'yan ɗaiɗaiku. Rana na ɗagawa suka yi layi, baƙaƙe, kowace da farar ƙwaya ɗaya a ka, suna shiga cikin tsagar da hannuna ba ya kaiwa suna fitowa da riɗi. Na ce wa Iya kamar alhazai ranar hawan Arfa. Ta ce ita ba ta taɓa gani ba, amma in haka suke to suna da tsari.

Kwana uku na yi a zaune a wurin. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamarsa ba, har yau. Tururuwa ɗaya za ta ɗauko ƙwaya, ta yar, ta zagaya, ta dawo ta ɗauka, ni kuwa kamar in ɗauke ta in kai ta. Iya tana gefena tana saƙar faifai, a nan ta gaya mini inda ta koyi abin. Tana yarinya an yi wata shekarar yunwa, uwarta ta riƙa fita da su suna tonon gidan tururuwa, abin da suka samu shi ne kunun ranar. Tun daga lokacin ba ta sake ba.

Shi ya sa Kawu bai so ba. A garin, a ga mace tana tonon gidan tururuwa shela ce cewa gidansu ba abinci.

"Iya, ga dawa ta kusa shiga rumbu. Za a ce na kasa ciyar da ke."

"A ce."

"Zan samo miki iri mai kyau a kasuwa, fari ma akwai."

"Wanda ya biyo Baba da ƙafa akwai shi a kasuwa? Ba ni dagi, Haladu, in kunya kake ji ka shiga ɗaki."

Bai shiga ɗaki ba. Shi ya riƙe dagin. Rami tara na kafa wa kara. Ba ta sama ake tonawa ba, ta gefe ake bi a hankali har a tarar da ɗakunansu, 'yan ƙananan rumbuna a jere, a bushe, a share. Iya ta sa ludayi tana kwasowa. Cizo kuwa na sha shi, ƙafafuna suka kumbura, na yi ta tsalle ina zagi da Larabci, matan da suka tsaya kallo suna riƙe ciki. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Iya, yunwa ce?" Iya ta ce, "A'a, ajiya na bayar na zo karɓa." Duk ramin da muka gama, sai ta zuba musu dawa cikin tafin hannu ta mayar da ƙasa. Na ce don me? Ta ce wa ke yi miki aikin kwana uku ki sallame shi hannu wofi?

Abin da muka kwaso ba riɗi kaɗai ba ne, har da irin ciyawa, ƙasa, da jan riɗin maƙwabta. Muka tankaɗe, muka sheƙe, sannan muka zauna tsince fari daga ja da ɗan yatsa, ƙwaya-ƙwaya, kwana biyu. Ya tashi rabin gora.

Saura abu ɗaya. Iya ta ce wani lokaci tururuwa tana cije idon ƙwaya don kada ta tsiro mata a ɗaki. In sun yi wa wannan haka, rabin gorar nan kantu ne kawai. Ta ɗebi kaɗan ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ta sa a gindin randa. Kafin azahar na buɗe shi sau huɗu. Ta ɗauke ta ɓoye, na bincike gidan kaf ban gani ba.

Ana haka takarduna suka iso, aka ce motar riɗi za ta fita da ni ranar Asabar. Na hau bayan motar na zauna a kan buhuna. Direba ya tayar. Sai Iya ta matso, ta kwance bakin zanenta, ashe a jikinta tsumman yake duk kwanakin nan. Ta buɗe ta ɗaga mini. Ƙwayoyin sun fasa, kusan duka, kowace da ɗan farin wutsiya.

"'Yar Makka," ta ce, "ki gaya wa uwarki kin yi noma."

Shekara biyu ke nan da Iya ta taho wurinmu, da zama ya yi wuya a can, mutanen garin suka watse. Kawu yana wani gari yana lodin mota. Da 'yar jaka ɗaya ta sauka, da gorar. Ta yi ɗawafi a keken guragu, ni na tura ta, ta ce ta ƙarasa wa Malam Tanko tafiyarsa. Sati bai cika ba ta sa na samo mata bokitan fenti guda takwas, muka cika su da ƙasa muka hau da su rufi, ta shuka riɗin gorar. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif take tara musu. Umma ta ce riɗi cike yake a kanti, wankakke, a leda. Iya ta ce ta gani.

To, shi ne ranar Talata na iso rufin ina haki, ruwa ya fara sauka manya-manya. Hannuna har ya kai kan damin. Na janye shi. Na fizgo zanen gado daga igiyar shanya, na juya wa iska baya, na ware hannu na riƙe shi a samansu, ban bari ya taɓa ko kwanso ɗaya ba. Sauran shanyar Umma duk ta jiƙe, ina kallo.

Can na ji sandar Iya a matakala, hawa ɗaya, hutu, hawa ɗaya, Umma na bayanta tana mita. Ta leƙo daga bakin ƙofa.

"'Yar Makka, kin taɓa?"

"Ban taɓa ba, Iya."

"Ko kaɗan?"

"Wallahi ko kaɗan."

"To tsaya a nan har ya ɗauke. Tururuwan garin nan ba zan dogara da su ba, biskit ɗin alhazai ya lalata su."

Ruwa yana bin hannuna yana shiga hammata, kafaɗuna suna zafi, wayata tana ta ƙara a aljihu, na san mai ɗakin girki ce. Iya ta sa Umma ta jawo mata kujera, ta zauna a bakin ƙofa tana kallona. Na tsaya har ya ɗauke.